MIT, Caltech ko Harvey Mudd: wace irin wuya za ka iya ɗauka?

Yaron da Allah ya ba sa'a har biyu daga cikin makarantun nan uku na Amurka suka ce ya zo, abin da yake fara tambaya shi ne wacce ta fi wuya. Iyayensa ma tambayarsu ke nan. Ni kam na daina amsa ta, domin duk amsar da na taɓa bayarwa ba ta taimaki kowa wajen zaɓe ba. Dukansu suna tatsar ɗalibi har sai ya san an tatse shi. Inda suka rabu shi ne yadda wuyar take zuwa, a guje ko a hankali, ta yawa ko ta zurfi, da kuma abin da za a rubuta a takardarka ranar da ka kasa. Ranar kuwa tana nan tafe, ko kai wane ne.

MIT tana birnin Kambirij na jihar Masachusets, kogi ne kawai ya raba ta da Boston. An kafa ta a 1861, masu karatun digirin farko a cikinta sun kai wajen 4,500. Caltech tana Pasadena a kudancin Kaliforniya, ta faro a 1891, ta ɗauki sunanta na yanzu a 1920, masu digirin farko a cikinta kuwa wajen 1,000 ne kacal. Harvey Mudd ita ce ƙaramarsu a shekaru da yawan jama'a. An kafa ta a 1955 a garin Claremont, shi ma a Kaliforniya, ɗalibanta wajen 900, kuma harkarta digirin farko ne.

Kafin a zo maganar maki, a duba kalanda, don a nan ne ɗalibai da yawa ke yin tuntuɓe ba su sani ba. MIT da Harvey Mudd suna raba shekara gida biyu, kowane zango wajen mako 14. Caltech gida uku take rabawa, kowane zango mako 10 na karatu. A baki bambancin bai kai ya kawo ba, amma jiki magayi. A MIT, idan aka kai mako na 5, malaman 'yan shekarar farko suna aika gargaɗi ga duk wanda suka ga ya fara nutsewa, a sanar da mai ba shi shawara, a ce ya zo a zauna. Yana da sauran fiye da rabin zango a gabansa. A Caltech, mako na 5 lokacin jarrabawar tsakiyar zango ne, wato rabin tafiya ta wuce. Mutum ya kwanta zazzaɓi na kwana biyar, ko wani abu ya faru a gida hankalinsa ya rabu, to kashi ɗaya cikin goma na kwas ɗin ya tafi, kuma a kwasa-kwasai biyar a lokaci guda. Sai dai gajeren zango yana da nasa alherin. Kwas ɗin da ya zame maka ƙarfen ƙafa, mako 10 ne ku rabu, kuma sau uku a shekara kake samun damar buɗe sabon shafi.

MIT da Caltech suna auna nauyin kwas da yunit, kuma yunit ɗaya yana nufin awa ɗaya a mako, har da zaman aji da ɗakin gwaji da karatun da za ka yi kai kaɗai. Kwas na yau da kullum a MIT yunit 12 ne. Kalkulas na farko, wanda kowa ke kira da lambarsa 18.01, an kasa shi awa 5 a aji, awa 7 a wajen aji. Kwas huɗu ke nan awa 48 a mako. A Caltech kwas na yau da kullum yunit 9 ne, ana ɗaukar biyar, awa 45, kuma sai ka tara yunit 486 kafin a ba ka digiri. To wannan lissafin hukuma ne. Duk wanda ya taɓa zama da jinga irin tasu ya san tambaya ɗaya tana iya cinye awa huɗu ba ka rubuta layi ɗaya mai amfani ba. Akwai maganar da ake jingina wa Jerome Wiesner, wanda ya shugabanci MIT daga 1971 zuwa 1980, cewa neman ilimi a can kamar ka kafa baki ne a mesar 'yan kwana-kwana ka ce za ka sha ruwa. Shi ya sa makarantar ta sa wa 'yan shekarar farko takunkumi: a zangon farko ba a barinsu su wuce yunit 54, don an san irin yaran da ake ɗauka, in an sake su sai su kwashi abin da zai karya su.

Sai kwasa-kwasan dole. A tsarin da MIT ta daɗe a kai, ko me za ka karanta, ko da tattalin arziki ne ko zanen gine-gine, sai ka yi kalkulas biyu, fiziks biyu, kemistiri ɗaya, bayoloji ɗaya, sannan kwas takwas a fannin adabi da tarihi da zamantakewa da fasahar ƙirƙira. Har gwajin ninƙaya na yadi 100 akwai. Caltech ma haka take, shekarar farko kowa zai yi zango uku na lissafi, uku na fiziks, ga kemistiri da bayoloji da ɗakin gwaji, ga kwas fiye da 10 na adabi da zamantakewa kafin ya gama. A da ma zango biyar-biyar ne na lissafi da fiziks a kan kowa, daga baya aka rage. Wanda yake zaton zuwa makarantar kimiyya zai raba shi da rubutun insha'i, ya sake tunani. A duka ukun za ka yi rubutu, za a kuma gyara maka shi da jan biro.

Jerin sunayen kwas kusan iri ɗaya ne, amma abin da ke cikin tukunyar ya bambanta, kuma nan ne nake so ka fi tsayawa.

Ka ɗauki fiziks na farko a MIT, 8.01. A sakandare an saba ba ka katako a kan gangara, a ce ka nemo saurin gangarowarsa. Ka san dabarar, ka zuba lambobi, ka tashi. A nan sai a ce gangarar ita ma ba a kafe take ba, tana kan daɓe mai santsi, katakon na gangarowa ita kuma tana zamewa baya. Ba lamba ko ɗaya a tambayar, haruffa ne zalla. Dokokin Newton ɗin da ka sani su ne dai, ba a ƙara ko ɗaya ba, amma dabarar da ka haddace ta daina aiki, sai ka zana kowane ƙarfi da hannunka, ka gane abin da ya ɗaure motsin wannan da na wancan. Kana cikin haka, ga jingar 18.02, wato kalkulas na biyu, tana jiranka jibi, ga ta kemistiri, ga insha'i. Wuyar MIT a shekarar farko ke nan: tambaya mai sa tunani, da yawa, ba sarari. Kalkulas da wasu jami'o'i ke shimfiɗawa a zango uku, su a biyu suke gama shi.

Lissafin farko a Caltech kuma wata duniya ce. Yaro ya zo yana ji da kansa, ya iya kalkulas tun yana sakandare, sai ya tarar ba a damu da amsarsa ba, hujjarsa ake nema. Za a iya cewa ya tabbatar da cewa tsakanin kowaɗanne lambobi biyu mabambanta akwai wata lamba, ko ya tabbatar da wata ƙa'ida da ya shekara biyu yana amfani da ita bai taɓa tambayar daga ina ta fito ba. Abin a fili yake, ido na gani, amma "a fili yake" ba hujja ba ce, mai duba takarda zai ja layi a ƙarƙashinta ya tambaye ka dalili. Wasu yaran a nan suke gane cewa ashe abin da suke so ke nan tun da can ba su san sunansa ba. Wasu kuma a nan lissafi yake fita daga ransu. Daga zango na biyu ana raba hanya, akwai ta masu son zurfin nazari, akwai ta masu son aiki da shi, amma zangon farko kowa sai ya ɗanɗana. A MIT ma akwai kwasa-kwasai masu irin wannan zurfin, har da waɗanda suka fi, sai dai kai za ka je ka same su da ƙafarka. A Caltech su ke zuwa su same ka.

Wannan hali na Caltech ba yau ya fara ba. Daga 1961 zuwa 1963 shahararren masanin fiziks Richard Feynman ya koyar da fiziks ga 'yan shekarar farko da ta biyu a can, laccocin da aka tattara suka zama littattafan da masana ke karantawa har yau. Shi da kansa ya rubuta a gabatarwa cewa ba ya jin ya yi wa ɗaliban abin da ya kamata. Ina yawan tuna wannan idan ana maganar manyan farfesoshi. Shaharar malami a bincike ba ta ba ka tabbacin cewa za ka fahimci darasinsa ranar Talata da safe.

Yanzu maki. Duka ukun sun san cewa yaron da bai taɓa zuwa na biyu a ajinsu ba, in aka haɗa shi da ɗaruruwan irinsa, dole rabinsu su koma ƙasa da tsakiya, kuma wannan faɗuwar tana iya taɓa mutum fiye da yadda ake zato. Saboda haka kowacce ta shimfiɗa katifa a farkon tafiya, amma kaurin katifar ba ɗaya ba ne.

A MIT, zangon farko in ka samu C ko sama, "ya ci" kawai za a rubuta. In ka samu D ko F, ba a rubuta komai a takardar da duniya za ta gani, kamar ba ka taɓa shiga ajin ba. In kwas ɗin na dole ne za ka maimaita shi, amma ba tabo. Ainihin makinka yana nan a ɓoye, kai da mai ba ka shawara kuke ganinsa. Zango na biyu ana fara rubuta A da B da C, amma D da F har yanzu ba sa fitowa. Tun 1968 suka fara gwada irin wannan sassauci, kuma daga 2020 an ƙara wa ɗalibai damar zaɓen wasu kwasa-kwasai har na yunit 48 a sauran shekarunsu, su mayar da su kan tsarin ci ko ba komai. A Caltech zango biyu na farko ci ko faɗuwa ne, ba harafi. Kalmar faɗuwa tana nan, wannan ne bambancin, amma katifar ta kai wajen wata shida. Harvey Mudd zango ɗaya take bayarwa, mai mataki uku: ci mai daraja, ci, ko ba a ba ka komai ba.

Abin da nake jan kunnen kowa a kai shi ne kada ya ɗauki wannan lokaci hutu. Wanda ya lallaɓa ya tsallake kalkulas da ƙyar don ya san ba za a ga makinsa ba, a kan wannan tubalin za a ɗora masa lissafin shekara ta biyu, lokacin da babu sauran katifa. An ba ka watannin ne ka koyi yadda ake karatu a wurin, ka gane awa nawa jinga take ci, ka san ƙofar ofishin malami, ka sami abokan zama. Tun ran gini ran zane.

Da haruffa suka fara fitowa, sai wani bambancin ya bayyana wanda mutane ba su cika lura da shi ba. MIT tana lissafin GPA, wato matsakaicin makin ɗalibi, a kan 5.0, A maki 5, B maki 4, C maki 3. Saboda haka in ɗan MIT ya ce maka yana da 4.0, B ne matsakaicinsa. Ƙari da ragin da ake liƙa wa harafi, irin B+ da A-, a cikin gida suke tsayawa, ba sa fita a takardar waje, ba sa shiga lissafi. A Caltech suna shiga: A+ maki 4.3 ne, A 4.0, A- 3.7, B+ 3.3, haka har ƙasa. Me wannan yake nufi gare ka? A MIT matakalar tana da tsayi. Wanda ya kusa taɓa A bai kai ba, shi da wanda ya tsallake C da ƙyar makinsu ɗaya, 4. In kana tsakiyar B, za ka iya sakin jiki ka ba wani abu lokacinka, amma in kana bakin iyaka, tambaya ɗaya a jarrabawar ƙarshe tana iya cin maki guda cur. A Caltech matakalar ƙanana ce, kowane ɗan ƙoƙari yana bayyana, kowane ɗan sakaci ma haka. Mai yawan damuwa da lamba, wanda ba ya barci in ya ga ragi a gefen harafinsa, ni ina ganin tsarin MIT zai fi yi masa sauƙin rai.

Akwai kuma abin da dokar malaman MIT ta faɗa a rubuce, cewa makin kowane ɗalibi a kan gwargwadon yadda ya mallaki darasin za a ba shi, ba tare da duba na sauran 'yan aji ba, kuma ba a yarda malami ya ƙayyade tun farko cewa kashi kaza ne za su sami A ba. A ma'anarsu, A tana nufin fahimta ta musamman da iya sarrafa ilimin, B iya aiki da shi yadda ya kamata, C kuwa iya warware tambayoyi masu sauƙi da samun abin da zai isa a ci gaba. Ba a jera ɗalibai daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, ba a kuma liƙa wa digiri lambar girmamawa ranar yaye. Amfanin wannan a zahiri shi ne, in ka taimaki na kusa da kai ya gane, ba abin da ya ragu a makinka.

Duk da haka, a irin waɗannan makarantu lambar da ke saman takardar jarrabawa ba ta da ma'anar da ka saba. Malamai da yawa suna tsara tambayoyi ne don su ga iyakar kowa, har da na gaba-gaba, don haka ba abin mamaki ba ne aji guda na haziƙai ya tashi da matsakaicin da a sakandare za a kira faɗuwa. Ni na sha wannan a makarantar da na yi, wadda ba ta cikin ukun nan. Gwajina na farko a fiziks ban kai rabi ba. Na ninke takardar gida huɗu na tura ta can ƙasan jaka, na yi mako uku ina kauce wa ofishin malamin don kunya, ina karatu ni kaɗai har tsakar dare ina maimaita kuskuren da ban san kuskure ba ne. Ranar da na daure na je, bai ɗauki minti goma ba ya nuna mini inda nake juya alamar wani ƙarfi, ya kuma gaya mini cewa makin nawa yana sama da na yawancin aji. Mako ukun nan su na biya a jarrabawar ƙarshe. Har yau in na ga yaro mai ƙoƙari ya yi shiru bayan gwajin farko, na san abin da ke ƙasan jakarsa.

Yadda ake rubuta jarrabawar ma abin dubawa ne, kuma a nan Caltech ta fita daban. Tana da ƙa'idar amana mai jimla ɗaya tak, cewa kada wani ɗan makarantar ya ci da gumin wani ta hanyar da ba ta dace ba. A kan wannan jimla aka gina al'adar ba ɗalibi jarrabawa ya tafi da ita. Za a rubuta a bangon takarda: awa 3 ko 4, littafi a rufe ko a buɗe, a mayar ranar kaza. Kai za ka zaɓi lokacin, ko da ƙarfe biyu na dare ne, kai za ka duba agogo, ba mai tsaye a kanka. In lokaci ya cika kana tsakiyar amsa, ka ja layi, ka nuna cewa abin da ke ƙasan layin bayan lokaci ka rubuta shi. Littafin da ke da amsar yana kan tebur, tsawon hannu ɗaya. Kwamitin da ke bin kadin saɓa wannan amana a harkar karatu ɗalibai ne ke riƙe da shi. Harvey Mudd ma tana da irin wannan ƙa'ida da jarrabawar tafi-da-gidanka. A MIT kuwa abin da aka fi sani shi ne a taru a zaure, wani lokaci da daddare, agogo ɗaya ga kowa.

Mutane suna jin wannan sai su ce ai Caltech ta fi sauƙi. Ko kusa. Malamin da ya san kana da awa huɗu da littafi a buɗe ba zai tambaye ka abin da ke cikin littafin ba. Ga kuma wata wuyar da ba a faɗa: makon jarrabawa duka a hannunka yake. Takardu biyar a ɗaki, ba wanda zai ce maka tashi ka fara. Mai jan ƙafa sai ya tara su zuwa daren ƙarshe. Amma ga wanda hannunsa ke rawa in ya ji zaure ya yi tsit ana juya takardu, wanda ya san abu amma ya ɓace masa in an tsaya a kansa, wannan tsari rahama ne. Ka tambayi kanka da gaskiya wanne ne kai a cikin biyun.

Jinga kuwa a duka ukun da taro ake yin ta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma malaman sun tsara ta ne da sanin haka. Kowane kwas yana faɗin iyakar haɗin gwiwar da ya yarda da ita, abin da aka fi gani shi ne ku tattauna tare amma kowa ya rubuta amsarsa da kansa. A Caltech gidajen kwana takwas na gargajiya su ne cibiyar wannan, 'yan shekarar farko duk kwas ɗaya suke yi, na gaba da su a ɗakin kusa sun yi shi bara. A MIT jama'a sun fi yawa, hanyoyin cika kwasa-kwasan dole ma sun fi yawa, don haka sai ka ɗan motsa ka nemi naka rukunin.

Girman makaranta yana shiga maganar wuya ta wata ƙofar da ba a zato, wato mafita. A ce ka shekara ɗaya ka gane fiziks ɗin da ka zo dominsa ba naka ba ne. A MIT ga injiniyanci kala-kala, ga kwamfuta, ga tattalin arziki, ga harkar gudanarwa, ga tsara birane, har kana iya ɗaukar kwas a Harvard. Ana barin ɗalibi ya ajiye kwas har zango ya yi nisa sosai ba tare da ya fito a takardar waje ba. Watan Janairu kuma an ware shi, ba zangon karatu na yau da kullum, mutum ya yi bincike ko gajeren kwas ko ya huta. A Caltech ɗakin ƙarami ne, kusan duk ƙofar da ka buɗe kimiyya ce mai zurfi a bayanta. In kana son ta, ba inda ya fi nan: malami ɗaya ga ɗalibi uku, shirin binciken bazara tun 1979, ga cibiyar JPL ta binciken sararin samaniya da makarantar ke gudanar wa hukumar NASA. In kuwa son ya gushe, shekara uku a wurin suna da tsawo. MIT ma ba a bar ta a baya ba wajen sa ɗalibi bincike, shirinta ya fara tun 1969.

Harvey Mudd na bar ta baya da gangan, don mutane suna raina ta saboda sunanta bai yi amo kamar na sauran ba. Kada ƙanƙantarta ta ruɗe ka. An san ta da tsauri wajen maki, waɗanda suka gama da cikakken 4.0, wato A zalla, a duk tarihinta 'yan ƙalilan ne. Nauyin aikinta ya taɓa kaiwa inda a watan Afrilun 2017 aka dakatar da darussa na kwana biyu bayan ɗalibai sun yi zanga-zanga, lokacin da wani rahoto a kan yawan aiki da halin da suke ciki ya fito fili, daga baya kuma aka sake fasalin kwasa-kwasan dole aka rage nauyi. Abin da take da shi wanda sauran biyun ba su da shi shi ne, malamanta don koyarwa aka ɗauke su, ba ɗaliban digiri na uku da za su raba musu hankali. Wanda ya tsaya a gaban allo shi za ka tarar a ofis, kuma ya san sunanka. Digirinta na injiniyanci na gaba ɗaya ne, ba a raba shi lantarki daban kanikanci daban ba, kuma tun 1963 take da shirin da ɗalibai huɗu ko biyar ke shekara guda suna warware wa wani kamfani ko hukuma matsala ta gaske. Tana cikin rukunin kwalejojin Claremont, kana iya takawa da ƙafa ka ɗauki kwas a Pomona ko Scripps.

Saura maganar bayan digiri, a taƙaice. In burinka digiri na uku ne a kimiyya, binciken da ka yi da wasiƙar malamin da ya san aikinka suna da nauyi ƙwarai, B nan da can ba za ta hana ka ba. In aikin injiniya ne, abin da ka gina da yadda ka amsa tambaya a ganawa su ake dubawa. Amma in likitanci ko lauya kake hari a Amurka, inda lambar GPA take da ƙarfi wajen tantancewa, to ka sani kana ɗaukar kasada a duka ukun, kuma ka yi wannan lissafin tun kafin ka sa hannu.

In ni aka tambaya, yaron da bai gama sanin abin da yake so ba, ko wanda hannunsa ke ƙaiƙayin ƙera abu, MIT zan ce masa, saboda faɗinta da yawan ƙofofinta da yadda take yafe tuntuɓen farko. Wanda ya riga ya san cewa tambayar "me ya sa" ita ke hana shi barci, kuma yana iya tsare kansa ba mai tsaronsa, Caltech tasa ce. Wanda kuma ya san ba ya buɗe baki sai malami ya matso kusa, kamar yadda nake a shekarunsa, Harvey Mudd zan tura shi, ko da 'yan uwa za su ce ba su taɓa jin sunanta ba.

Akwai gwajin da za ka iya yi a makon nan ba ka biya ko sisi ba. Tun 2001 MIT ta sanar da shirin OpenCourseWare, inda ta zuba darussanta a intanet kyauta, har da jinga da tsofaffin jarrabawa da amsoshinsu. Sauko da jinga ɗaya ta 8.01 ko 18.01. Sannan ka nemo tambayoyi uku na kafa hujja a kalkulas, irin na zangon farko a Caltech. Ka kashe waya, ka ba kowanne yammaci guda, kada ka leƙa amsa. Da wuya ka gama ko ɗaya, kuma ba gamawar ake nema ba. Ka lura da kanka a awa ta uku, lokacin da ka cika shafi biyu da gogewa: a wanne ne ka tashi ka bar tebur, a wanne ne kuma aka kira ka ka ce a ɗan jira ka.